Lambar da ta cije wa akawu: muhawara a kan 2,147,483,647

Akawun Albasa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wanda ya san kwamfuta ya taimake ni. Ina riƙe wa wata ƙungiyar ƴan albasa lissafi a nan Yamai, masu ɗauko kaya daga Galmi da Madawa su wuce da shi bakin teku. Shekara huɗu ke nan muna tara jimillar ciniki a wata tsohuwar manhaja. Tun ran Litinin jimillar ta tsaya cak a 2,147,483,647. Na shigar da cinikin mota biyu bayan nan, ko motsi ba ta yi ba. Na kashe na kunna, haka take. Shugaban ƙungiya ya fara yi mini wani irin kallo.

Mai Gyaran Waya (Katako): Wa alaikumus salam. Akawu, sha ruwa ka kwantar da hankalinka, ba kai ka ci kuɗin ba, ba kuma aljanu ba ne. Lambar nan na san ta kamar yunwar cikina. Yaran da ke yi wa wasannin waya kutse don kuɗin cikin wasan ya yi yawa, sau da dama a nan kuɗin nasu yake tsayawa. Ko daga barci ka tashe ni zan karanto maka ita.

Injiniya (Harobanda): Gaskiyar Mai Gyara. Kwamfuta sifili da ɗaya kawai take ajiyewa, kowanne a gurbinsa. Wanda ya rubuta manhajarku ya ware wa jimilla gurbi 32. Ɗaya daga ciki aikinsa ya nuna ko kuɗi ne a hannu ko bashi, saura 31. In ka cika gurabun nan 31 da ɗaya-ɗaya, abin da za ka samu shi ne 2,147,483,647, wato ka jera biyu guda 31 ka ninka su, ka cire ɗaya. Muna rubuta shi 2^31 − 1. Buhu ne ya cika, ko da ƙafa ka danna ba ya ƙara ɗauka. Ka ma gode wa Allah taka tsayawa ta yi. Wasu manhajojin in ka ƙara musu tamma ɗaya a kan wannan sai su kife su nuna −2,147,483,648, a wayi gari ana bin ƙungiya bashin miliyar biyu. Ran nan ne za ka san kallo. Magani shi ne a mai da gurabun jimilla 64 a sake tarawa. Turo mini ta gefe in duba.

Alhaji Na Wadata: Miliyar biyu a albasa? Akawu, ana karɓar sabbin shiga a ƙungiyar taku?

Akawun Albasa: Alhaji, cinikin shekara huɗu ne na mutum sama da arba'in, ba riba ba ce. In ka cire kuɗin mota da na hanya da abin da ke ruɓewa kafin a isa, tausaya mana za ka yi.

Mushe Mai Ritaya (Tawa): Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan ba cikin zauren ga, amma yau kun sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Wagga lamba da ta cije ma akawu, duk wanda ya riƙe alli a lise ya san ta. Tana cikin waɗanda muke ce ma nombre premier: babu lambar da za ta raba ta ba saura, sai 1 da ita kanta. Akawu, da kuɗin ga na hannunka, ko ku biyu ne, ko arba'in, ko dubu goma, ba yadda za a yi kowa ya samu daidai da ɗan'uwanshi, dole wani abu ya rage. Ko a dala ka ƙidaya ta, dala 429,496,729 ce da tamma biyu a sama.

Mai Gyaran Waya (Katako): To ka ji! Shi ya sa masu ƙera kwamfuta suka zaɓe ta ta zama iyaka. Lambar da ba ta rabuwa ai ita ce mai ƙarfi, ɓarawon intanet ba ya iya fasa ta. Na sha jin cewa da irinsu ake kulle asusun banki.

Ɗalibar Lissafi: Yaya Mai Gyara, a nan kam ban bi ka ba. Ba wanda ya zauna ya zaɓe ta, gamon katar ne. Da gurbi 16 aka ware, iyakar 32,767 ce, ita kuwa 7 × 31 × 151 ce. Wadda Injiniya zai mayar da akawu kanta, ta gurbi 64, ita ce 9,223,372,036,854,775,807, kuma 7 na raba ta ba saura. Da rashin rabuwa ne abin nema, da ba a koma wa wadda ke rabuwa ba.

Mai Gyaran Waya (Katako): Ƙanwata, kin tabbata da 7 ɗin nan? Kalkiletata ta ƙi ɗaukar lambar ma, ta yi mata tsawo.

Ɗalibar Lissafi: Ba sai da kalkileta ba. Dubi 111111 a rubutunmu na yau da kullum. Ɗaya ce guda shida, za ka iya yanka ta uku-uku, shi ya sa 111 ke raba ta: 111 × 1001. A rubutun kwamfuta ma haka abin yake. Waccan doguwar lambar ɗaya ce guda 63 a jere. Yanka ta uku-uku, ka samu kashi 21 cif. Ɗaya guda uku a rubutun kwamfuta kuwa 7 ke nan. Ita ma 32,767 ɗaya ce guda 15: uku-uku ya ba ka 7, biyar-biyar ya ba ka 31. Amma ɗaya guda 31 ta ina za ka yanka? 31 ita kanta ba ta rabuwa. Wannan ne ya buɗe wa lambar akawu ƙofa.

Ɗan Lise: Anti, ke nan duk lokacin da ta saman, kamar 31 ɗin da ke cikin 2^31 − 1, ba ta rabuwa, babbar ma ba ta rabuwa? Ai abin da sauƙi.

Ɗalibar Lissafi: Ramin da manya suka faɗa ke nan. Gwada 11. 2^11 − 1 = 2047, ita kuwa 23 × 89 ce. Rashin rabuwar ta saman sharaɗi ne, amma bai isa ba. 23 da 29 ma ba su tsira ba.

Mushe Mai Ritaya (Tawa): Madalla ɗiyata, Allah shi yi albarka. Irin waɗanga lambobi, 2 a ninka a cire ɗaya, sunan wani limamin Kirista na Faransa anka sa musu, Marin Mersenne. A 1644 ya fitar da jeri ya ce waɗanda ba su rabuwa, daga 2 har 257, su ne na 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya yi kuskure biyat: 67 da 257 suna rabuwa, kuma ya tsallake 61 da 89 da 107. Kada kowa ya yi mishi dariya, da gashin tsuntsu da tawada yake aiki. Labarin 67 ɗin shi nike ba yara kowace shekara. A 1903 wani Ba'amurke, Frank Nelson Cole, ya tashi gaban taron masana a New York, bai buɗe baki ba. Ya lissafa 2^67 − 1 a gefe guda na allo, ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsa ta zo ɗaya, ya koma ya zauna. An ce Lahadin shekara ukku ya ci kafin ya samo su.

Shugaban Zaure: Ina jin daɗin hirar, amma ina da ƙorafi. Zauren Hausa ne, muna ta nombre premier. Ba ta da suna a bakinmu ne?

Ɗan Lise: Lamba ta farko.

Alhaji Na Wadata: Farkon me? Miliyar biyu ce ta farko, ina ta ƙarshe?

Injiniya (Harobanda): Na ji wasu na cewa "lamba mara rabuwa". Damuwata da shi ita ce muna da cika da mara. In yaro ya ji "lamba mara" zai ɗauka 9 da 15 ake nufi, alhali su mara ne amma suna rabuwa. Sannan 2 cika ce, ga ta kuma a sahun gaba.

Mushe Mai Ritaya (Tawa): Ni a aji, in Faransanci ya ƙi shiga kan yara, gagara-rabo nike ce musu. Mun san gagara-gasa, mun san gagara-misali. Ban taɓa samun yaron da na faɗa ma sau guda ya mance ba.

Alhaji Na Wadata: Gagara-rabo ai sunan babban wa ne da ya zauna a kan gado.

Malamin Zaure (Zongo): Sunan Mushe ya faɗi abin da lambar ta ƙi yi, bai faɗi abin da take yi ba. Ni da tubali zan kira ta. Kowace lamba da su aka gina ta, kuma hanyar ginin ɗaya ce tak: 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5, ba wata hanya. Larabawa suna ce mata adadi awwali, ina ga daga can ma'anar "farko" ta yi daidai, farkon gini, ba farkon ƙidaya ba.

Ɗalibar Lissafi: Malam ya taɓo dalilin da ya sa ba a sa 1 a cikinsu ba. Da an sa ta, 60 za ta zama 1 × 2 × 2 × 3 × 5, ko 1 × 1 × 2 × 2 × 3 × 5, hanyoyi ba iyaka. Da sunan Mushe kuwa, 1 za ta ce ita ma ai ta gagari rabo. Amma a baki gagara-rabo ta fi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Shugaban Zaure: A ci gaba da gagara-rabo a yau, mai ƙorafi ya kawo wadda ta fi ta gobe.

Akawun Albasa: Ni tambayata ɗaya. Wa ya zauna ya gwada raba miliyar biyu da kowace lamba har ya tabbatar? Ni jimillar wata ɗaya ma sai na duba sau uku.

Mushe Mai Ritaya (Tawa): Leonhard Euler, mutumin Suwis da ke zaune a Rasha, a 1772. Ya rubuta ma wani masani mai suna Bernoulli wasiƙa ya shaida mishi. Ku riƙe wanga: lokacin nan idanunshi sun riga sun tafi, kusan bai gani sam. Kuma bai gwada kowace lamba ba, wauta ce wannan. Bari in nuna muku yadda anka rage aikin, don nan daɗin yake.

Da fari, in lamba na rabuwa, masu raba ta biyu-biyu suke zuwa, ƙarami da babba, kamar 23 da 89. Ƙaramin ba ya wuce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kai wadda kake bincike. 46,341 × 46,341 ta riga ta wuce lambar akawu. Ke nan daga miliyar biyu mun sauko ƙasa da dubu arba'in da bakwai.

Na biyu, tun zamanin Fermat, wani masanin lissafi na Faransa, anka san cewa duk gagara-rabon da za ta raba 2^31 − 1, dole in ka cire mata ɗaya 62 ta raba abin da ya rage, wato 31 sau biyu. Ku gwada da 2047: 11 sau biyu 22, ga 23 ita ce 22 da ɗaya, ga 89 ita ce 88 da ɗaya. Kun gani? Ba a shiga gidan sai da wagga shaida.

Na ukku, shi Euler ya ƙara cewa in ka raba ta da 8, saura dole ya zama 1 ko 7. In ka haɗa sharuɗɗan biyu, masu neman shiga sai waɗanda in an raba su da 248 saura ke zama 1 ko 63. Ba su kai 400 ba, kuma da yawa cikinsu ba gagara-rabo ba ne, sai a watsar. Abin da ya rage aikin ƴan kwanaki ne ga mai haƙuri. Babu wadda ta raba. Shi ya sa nike faɗa ma yara lissafi ba ƙarfin tuwo ba ne. Mai ƙarfi ya yi rabawa dubu arba'in, mai wayo ya yi ƙasa da ɗari ya tafi shan shayi.

Ɗan Lise: Na shiga wani shafi da ke jera halayen lambobi. Ya ce jimillar haruffanta 46 ce, in an juya ta baya ta zama 7463847412, ba ta karantuwa gaba da baya iri ɗaya, ita ce gagara-rabo ta 105,097,565 a jeri. Akwai wasu sunaye kusan ashirin da ban gane ba. Duka sai an haddace?

Ɗalibar Lissafi: A'a. Bari in ɗauki waɗanda za ka iya tabbatarwa da biro. Tagwaye su ne gagara-rabo biyu da 2 kawai ke tsakaninsu, kamar 11 da 13. Tamu ba ta da abokin tagwaici: ƙara 2 ka samu 2,147,483,649, haɗa haruffanta ka samu 48, ke nan 3 na raba ta. Rage 2 ka samu mai ƙarewa da 5. Akwai ajin Sophie Germain, wata masaniya ta Faransa: ka ninka lambar biyu ka ƙara ɗaya, in ka sake samun gagara-rabo ta shiga. Tamu ta ba da 4,294,967,295, wadda ita ce 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537. Ba ta shiga ba, amma dubi su waye suka raba ta: su ne gagara-rabon Fermat guda biyar da aka sani duk duniya, wato 2 + 1, 2^2 + 1, 2^4 + 1, 2^8 + 1 da 2^16 + 1, sun hallara a wuri ɗaya. Ranar da na fara ganin wannan sai da na tashi na zaga ɗaki. Sannan in ka raba tamu da 4 saura 3 ne, kuma duk lambar da ke haka ba za ka taɓa rubuta ta a matsayin murabba'i biyu a haɗe ba, murabba'i kuwa lamba ce da aka ninka da kanta. 13 tana yi, 4 da 9. 7 da 31 da tamu ba sa yi.

Inda ta yi fice shi ne nan: ita ce gagara-rabon Mersenne ta takwas, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Kuma 31 da ke samanta ita ma ta Mersenne ce, 2^5 − 1. Ƴar gida ce jikar gida. Irin wannan guda huɗu kacal aka sani: 7, 127, tamu, da 2^127 − 1.

Mushe Mai Ritaya (Tawa): Yaro, ka saurara. Abin da shafin ga ya jera maka kashi biyu ne, ya cakuɗa su kamar gero da tsakuwa. Akwai asali, akwai riga. Jimillar haruffa 46, juyawa baya, karantuwa gaba da baya, duk riga ce. Don muna da yatsu goma muke rubutu da goma. Sake mata riga ka gani: a rubutun kwamfuta ɗaya ce 31 a jere, gaba da baya duk ɗaya, abin da shafin ya ce ba ta yi. To wanne ne gaskiya? Amma ko da wane rubutu ka zo, ko tsakuwa ka tara, ba ta rabuwa, ba ta da tagwai, saura 3 take bari wajen 4. Wanga shi ne asali. Ni dai abin da ya dogara da riga ban ba shi maki.

Injiniya (Harobanda): Mushe, da girmamawa, kun yi wa riga tsanani. Ƙanwarmu da riga ta yi mana hujjar 7 ɗazu, ta yanka ɗaya-ɗaya uku-uku. Da haɗa haruffa ta gane 3 na raba 2,147,483,649. Kuma dalilin da ya sa kwamfuta ke saurin gwada lambobin Mersenne shi ne surarsu a rubutunta, neman saura ba ya bukatar rabawa ta gaske, yanka da tarawa ne kawai.

Mushe Mai Ritaya (Tawa): Ban ce a tafi tsirara ba. Riga na nuna maka mutum daga nesa, wani lokaci har ka gane garinsu. Abin da na ƙi shi ne a ce 46 wata daraja ce ta lambar. Haɗa haruffa na aiki ga 3 da 9 don 10 na barin saura 1 wajensu, akwai dalili a ƙasa. Ina dalilin da ke ƙasan juya lamba baya?

Injiniya (Harobanda): A kan juyawa baya na sallama. A kan sauran ina nan.

Malamin Zaure (Zongo): Ku ba ni wuri in sa baki, don abin nan bai fara daga Turai ta jiya ba. Malaman hisabi suna da abin da suke kira adadi tammi, cikakkiyar lamba: wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai su dawo maka da ita. 6 ita ce 1 + 2 + 3. 28 ita ce 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Sai 496, sai 8,128. Iƙlidis, masanin Girka, tun kusan shekara 300 kafin Annabi Isa, ya nuna cewa duk inda ka samu irin lambar da kuke kira ta Mersenne ba ta rabuwa, ka ninka ta da rabin lambar da ke binta, cikakkiya za ta fito. 7 sau 4, 28. 31 sau 16, 496. Ibnul Haisam ma ya yi aiki a kan wannan babi. Mu nan ƙasar Hausa muna da Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, wanda ya rubuta littafi a kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ɗalibar Lissafi: Malam, a wannan shekarar ta 1732 Euler ya karya zancen Fermat na cewa duk lambobin jerin nan na 3, 5, 17, 257, 65,537 zuwa sama gagara-rabo ne, ya nuna ta gaba a jerin tana rabuwa: 2^32 + 1 = 641 × 6,700,417. Sai dai a bambance, aikin al-Kashinawi na jera lambobi ne a gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, ba na gagara-rabo ba ne. Kada gobe wani ya kwafa ya ce Bakatsine ne ya gano lambar akawu. Cikakkiyar da tamu ke haifa ita ce 2,305,843,008,139,952,128, ta takwas. Euler ya rufe ɗaya gefen maganar Iƙlidis: duk cikakkiyar lamba da take cika, ta wannan hanyar ta fito. Ko akwai cikakkiya da take mara, har yau ba wanda ya sani.

Malamin Zaure (Zongo): Gyaranki ya karɓu, ƴata. Ban ce shi ya gano ba, na ce muna da namu a fagen.

Alhaji Na Wadata: Na karanta duka, har shayina ya huce. Yanzu don Allah wannan me yake sayo wa mutum?

Mushe Mai Ritaya (Tawa): Alhaji, kana da ɗan'uwa a Ingila. Wani Peter Barlow ya rubuta a 1811 cewa cikakkiyar lambar da ɗiyata ta kawo ita ce mafi girma da anka sani, kuma da wuya wani ya wuce ta, tunda abin sha'awa ne kawai ba shi da amfani. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, haruffa 39, da hannu. A 1952 kwamfuta ta samo sabbi biyat cikin shekara guda.

Injiniya (Harobanda): Alhaji, in ba ka amsa kashi biyu, kuma Mai Gyara ya matso don akwai rabonsa. Gaskiya ne ana kulle saƙo da gagara-rabo. Tsarin RSA, na 1977, yana ɗaukar biyu manya, kowacce mai haruffa wajen 300 a yadda ake yi yau, ya ninka su. Ninkawa ba wuya, amma a ba ka amsar a ce ka nemo su, nan ake yin ta. Sai dai sirrin shi ne ba wanda ya san waɗanne aka ɗauka. Lambar akawu ta yi ƙanƙanta, kuma duk duniya an san ta. Ba a kulle shago da makullin da ke rataye a bakin kasuwa.

Inda rashin rabuwarta ya yi aiki na gaske daban ne. In kwamfuta na son lambobi kamar na ƙuri'a, akwai tsohuwar dabara da Park da Miller suka tallata a 1988: ɗauki lamba, ninka da 16,807, raba da 2,147,483,647, riƙe saura, maimaita. Saboda mai rabawar gagara-rabo ce kuma an zaɓi 16,807 da kyau, sai ta zaga duk lambobi daga 1 har 2,147,483,646 kafin ta dawo inda ta fara. A nan kam zaɓen ta aka yi, don ta haɗa biyu: ba ta rabuwa, kuma ta shiga gurbi 32 cif.

Mai Gyaran Waya (Katako): Ƙanwata kin ji ko? An zaɓe ta.

Ɗalibar Lissafi: An zaɓe ta a ƙuri'a, Yaya, ba a iyakar buhu ba. Rabin maki.

Alhaji Na Wadata: Ni kuɗi na tambaya.

Injiniya (Harobanda): Akwai. Ƙungiyar EFF ta Amurka ta sa dalar Amurka 150,000 ga wanda ya fara samo gagara-rabo mai haruffa miliyan 100. Mafi girma da aka sani tun Oktoban 2024 ita ce 2^136,279,841 − 1, haruffa 41,024,320. Luke Durant ne ya samo ta a ƙarƙashin shirin GIMPS, wanda George Woltman ya kafa a 1996, kowa na ba da aron kwamfutarsa. Ita ce ta 52 da aka sani a gidan Mersenne. In kana karanta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba salla, kwana 475 za ka yi. Amma kafin ka sayi kwamfuta ka lissafa kuɗin wuta da zafin watan Afrilu a Yamai.

Alhaji Na Wadata: Na koma kan shinkafata.

Ɗan Lise: Mushe, ita wannan mai haruffa miliyan 41 ai ba a gwada ta da rabawa ko?

Mushe Mai Ritaya (Tawa): Ko kusa. Lucas ya buɗe hanya, Derrick Lehmer ya gyara ta a 1930. Ka fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, raba da lambar da kake gwadawa, riƙe saura, maimaita da sauran. Za ka yi haka sau adadin ta sama a cire biyu. In ka ƙare da sifili gagara-rabo ce, in ba haka ba tana rabuwa. Ga 31, ta sama 5, taki ukku: 14, sai 194 da ke barin 8, sai 62 da ke barin sifili. Lambar akawu taki 29 kacal take bukata. Abin mamaki, in gwajin ya ce tana rabuwa, ba ya faɗa maka wa ke raba ta. Shi ya sa Lucas ya san 2^67 − 1 na rabuwa tun 1876, amma sai da anka jira Cole. Aikin gida: yi mini 127 da 2047, da biro, ban yarda da waya ba.

Injiniya (Harobanda): Kafin a watse, matsalar akawu za ta dawo wa duniya. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun 1 ga Janairun 1970, a gurbi 32. Buhun zai cika ran Talata 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Nijar. Wadda ba a gyara ba za ta farka a Disamban 1901. Sabbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun koma 64, abin dubawa shi ne tsofaffin na'urorin da aka dasa aka manta da su.

Ɗan Lise: Mushe, na 127: 14, 67, 42, 111, 0. Na 2047 taki tara, na ƙare da 1,736. Na yi kuskure sau biyu a wajen 788 kafin ta fito.

Mushe Mai Ritaya (Tawa): Daidai ne duka biyu. Wa ke koya maka lissafi? Ka gaishe shi.

Akawun Albasa: Jama'a na dawo. Injiniya ya gyara, Allah ya saka da alheri, jimilla ta tashi ta haɗa da motocin nan biyu. Na karanta wa shugaba abin da Mushe ya ce, cewa kuɗin ba ya rabuwa daidai ko mu nawa ne. Ya yi shiru, ya ce to yanzu da aka ƙara mota biyu yana rabuwa? Na duba, sabuwar jimillar da sifili uku ta ƙare. Ya ce in kira taro ran Asabar.